Turke da Talala: Bashin da Yake Bin Jirgin Ruwa



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi murmushi. Malamin Hausa, haifaffen Gubuchi ta ƙasar Makarfi, inda babban ruwan da yaro ya buɗe ido ya gani shi ne na fadamar rake, me ya haɗa shi da shari'ar jiragen teku? Tambayar tana bisa hanya, ba kuwa zan kauce mata ba. Abu biyu ne suka haɗa ni da wannan magana. Na farko wata kalma ce da aka taɓa kawo mini in fassara, na kwana uku ina juya ta ban samo mata Hausa ba. Na biyu kuwa wata gingimari ce ta ɗaukar rake, wadda ta ci wa wani kawuna jari. Bari in fara da motar, domin ita ce ta buɗe mini kalmar.

Duk wanda ya san ƙasashen Makarfi da Kudan da Ikara ya san yadda gari yake cika da manyan motoci idan saran rake ya kankama. Akwai wata daga cikinsu, ta wani baƙo, wadda ta shekara biyu tana jigila daga wajenmu. Kawun nan nawa yana sayar da man gas da tayoyi a bakin hanya, ya riƙa ba direban mai bashi, a rubuta, in an dawo daga kai kaya a biya. Har ya kai ga ba shi tayoyi huɗu sababbi. Ana nan, injin motar ya buga, aka ja ta zuwa garejin wani makanike. Makaniken ya yi aiki, ya sa kayan gyara na aljihunsa, da ya gama sai ya zare makulli ya sa a aljihu, ya ce mota ba ta fita sai an biya shi. Mai motar ya rasa yadda zai yi, ya sayar da ita a nan cikin garejin. Wanda ya saya ya fara sallamar makanike, sa'an nan ya miƙa wa mai ita sauran kuɗin, shi kuwa ya karɓa ya yi Kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Da shekara ta kewayo sai ga motar ta dawo ɗaukar rake, an sake mata fenti, amma tayoyin kawu suna ƙafarta. Ya kai ƙara. Alƙali ya saurare shi sarai, sa'an nan ya ce masa, “Malam, mota ba ta cin bashi, mutum ke ci. Ka nemo wanda ka ba.” Kawu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ai ita ta sha man, ita ce kuma take sanye da tayoyin.” Mutane suka yi dariya, aka sallame shi. Alƙali bai yi kuskure ba, abin da ya faɗa shi ne hukunci. Amma abin da ya ba ni mamaki daga baya, lokacin da nake karatu a ƙasar waje na shiga leƙa littattafan lauyoyi, shi ne na tarar maganar da kawu ya yi cikin fushi ita ce ginshiƙin wani babban babi na dokar teku. Da abin da ya ba bashin jirgin ruwa ne, a wata tasha ta Amurka, da shi ke da gaskiya, da kuma ba wanda ya yi masa dariya.

To, yanzu ga kalmar. Turawan Ingila suna cewa lien, sun aro ta daga Faransanci, tushenta kuwa na Latin ne, ma'anarsa ɗauri. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne jingina, amma da na auna sai na ga ba ta zauna ba. Jingina, yadda muka san ta a gona ko a kadara, sai an zauna an ƙulla ta, mai ba da bashi da mai karɓa sun yarda, da shaidu. Bugu da ƙari, malaman Malikiyya, tun daga Risala har Muhtasar na Halil, sun tsaya a kan cewa jingina ba ta cika sai abin da aka jinginar ya shiga hannun mai bin bashi, suna kafa hujja da aya ta 283 ta Suratul Baƙara. Wannan haƙƙi da muke magana a kansa kuwa ba zama ake yi a ƙulla shi ba. Da zarar an yi wa jirgi aikin, ko an ba shi kayan, doka da kanta ta ɗaura shi. Ba a rubuta shi a wata rajista, kuma jirgin ba ya hannun mai bin bashin, yana can yana keta teku.

Sai na koma wa makiyaya. Ɗauri iri biyu ne a wurinsu. Akwai turke, inda dabba take tsaye a gabanka, ba ta motsawa sai ka kwance ta. Akwai kuma talala, watau a ɗaura mata doguwar igiya a bar ta ta yi ta kiwo, tana ganin kamar a sake take, alhali ranar da mai igiya ya so zai jawo ta. Abin da makaniken nan ya yi turke ne. Dokar da muka gada daga Ingila ta san shi, ta ba mai gyara ikon riƙe abin da ya gyara har a biya shi, amma da sharaɗi guda: ranar da ya saki makulli, haƙƙin riƙon ya tafi. Abin da kawu ya nema bai samu ba shi ne talala. Da waɗannan kalmomi biyu zan yi amfani har ƙarshen wannan jawabi.

Me ya sa jirgin ruwa ya sami talala, mota ba ta samu ba? Sai mu dubi halin jirgin a zamanin da ba waya, ba tangaraho. Ya baro garinsu wata shida, iska ta karya masa katako, guzuri ya ƙare, ya shigo tashar da ba wanda ya san mai shi. Kyaftin ba shi da kuɗi a hannu. Maƙeri da mai sayar da igiya da mai gari suna da abin da yake bukata, amma wa za su bi bashi? Idan suka turke jirgin, ba zai je ya sauke kaya ya samo kuɗin biyansu ba, domin jirgi ba ya kawo ko anini sai yana tafiya. Idan suka sake shi haka nan, sun yi sallama da dukiyarsu. Mafita ita ce a sake shi da igiya a ƙafa.

Kakanninmu fatake sun gamu da irin wannan matsala, amma suka warware ta ta wata hanya dabam, kuma a nan ne nake ganin abin ya fi ban sha'awa. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ƙarƙashin madugu, shi ma baƙo ne a duk zangon da ya sauka. Abin da ya tsaya masa shi ne maigida, ko fatoma, wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya a tsakani idan an yi ciniki na bashi. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi, ba takarda, ba kotu, sai dai maigida ne yake lamuni, in mahauci ya ci amana shi zai biya mai shanu, in kuwa ya kasa, baƙi su ƙaurace wa gidansa. Watau mu mutum muka ɗaura wa igiya, mutanen teku kuwa suka ɗaura wa abin hawa. Tsarinmu yana aiki muddin kowa yana da gidan da yake sauka da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Baƙon da ya cuci kawu ba shi da maigida a Gubuchi. Zamanin mota ya kawo baƙon da yake kwana cikin motarsa, ya rushe lamunin zango, bai kuwa kawo wani abu a madadinsa ba.

Kada a ɗauka malamanmu ba su san ruwa ba. Tun a ƙarni na 10 aka wallafa wani littafi na Malikiyya a kan hayar jiragen ruwa, mai suna Akriyatus Sufun. A babin wanda ya karye kuma, malaman mazhabar sun ce mai sana'a ya fi sauran masu bin bashi haƙƙi a kan abin da yake hannunsa, mai dabbar dako kuma ya fi kowa haƙƙi a kan kayan da dabbarsa ta ɗauko matuƙar mai kayan bai karɓe su ba. Amma in kun lura, duk waɗannan dangin turke ne. Fatakenmu ma ba baƙin teku ba ne: a farkon ƙarni na 20 Alhasan Ɗantata yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko.

Tsohuwar siffar talala a Turai ita ce rancen da kyaftin yake ci a kan gindin jirgi. In jirgin ya isa lafiya a biya da riba mai yawa, in ya nutse bashin ya nutse tare da shi. Wani abin lura a nan shi ne, idan kyaftin ya ci irin wannan rance sau uku a tashoshi uku, na ƙarshe ake fara biya. A kasuwarmu wanda ya riga ba da bashi shi yake ganin ya fi cancanta. Hujjar mutanen teku ita ce, ba don kuɗin na ƙarshen ba, da jirgin bai iso ba balle na farko ya sami abin kamawa. Har yau haka ake yi wa ladan ceto: wanda ya ceci jirgi daga baya yana gaban wanda ya cece shi tun da fari.

Shari'ar da ta zaunar da maganar a dokar Ingila ita ce ta wani jirgi mai suna Bold Buccleugh. A 1848 ya yi karo da wani jirgin a kogin Hamba. Daga baya aka sayar da shi ga wani mutum dabam, amma da ya sake shigowa tashar Hul sai waɗanda aka yi wa ɓarna suka sa aka kama shi. Sabon mai shi ya ce ba ruwansa, ba shi ya yi karon ba. A 1851 alƙalan Majalisar Sarauniya suka yanke cewa haƙƙin yana manne da jirgin tun daga ranar karon, yana kuma binsa duk hannun da ya shiga. Ana kuma kai ƙarar jirgi da sunansa kamar mutum. A da akan kafa sammacin da ƙusa a doguwar sandar tsakiyar jirgi, yanzu kuwa liƙa shi ake yi a gilashin ɗakin tuƙi.

Sai dai ba kowane mai bin bashi aka ba wannan igiya ba, kuma a nan ne ƙasashe suka rabu. Kusan kowa ya yarda da albashin ma'aikatan jirgi, da ladan ceto, da diyyar ɓarnar da jirgi ya yi. Rigimar tana kan mutum irin kawu, mai ba da mai, da abinci, da ruwan sha, da gyara. Ingila ta ce a'a. A 1886, a shari'ar jirgin Heinrich Bjorn, kotun ƙolinsu ta tabbatar cewa mai ba jirgi kayan bukata ba shi da talala. Amurka kuwa ta ce i, ta kafa doka a 1910 wadda ta ba duk wanda ya ba jirgi kayan bukata haƙƙi a kan jirgin kansa, in dai mai jirgin ne ya yi odar, ko wanda yake da izninsa, kamar kyaftin. A 1971 suka ƙara sassauta wa mai kayan, suka ɗauke masa nauyin binciken ko an hana wanda ya yi shatar jirgin ci masa bashi. Yarjejeniyar Birasal ta 1926, wadda Faransa take bi, ta tsaya a tsakiya: ta yarda da talala a kan abin da kyaftin ya sayo don larurar tafiya alhali yana nesa da tashar gida, amma na wata shida kawai. Yarjejeniyar Janiba ta 1993 ta cire masu ba da kaya daga jerin gaba ɗaya, ta bar wa kowace ƙasa zaɓin ta ba su, da sharaɗin su zo bayan bankin da aka jinginar wa jirgin.

Ba hikima ce ta raba su ba, bukata ce. Landan garin bankuna ne da masu inshora, waɗanda suke ba da rancen sayen jirage, ba su kuwa son a sami wata ɓoyayyiyar igiya a gaban tasu. Amurka kuwa tashoshinta cike suke da jiragen baƙi, tana son ta kare maƙeranta da masu sayar da manta.

Ga misalin abin da wannan saɓani yake haifarwa. Wani jirgin Ingila mai suna Halcyon Isle an jinginar da shi ga wani banki a Landan. A 1974 wani kamfanin gyaran jirage na Niyok ya yi masa aiki, ya sake shi ya tafi ba a biya ba, domin a dokar Amurka yana da talala, kuma da a can aka yi rabo da yana gaban bankin. Sai aka kama jirgin a Singafo, aka yi gwanjonsa, kuɗin bai isa kowa ba. A 1980 alƙalai biyar na Majalisar Sarauniya suka zauna, uku suka ce dokar inda ake shari'a za a bi, Singafo kuwa ba ta san talalar mai gyara ba, saboda haka banki ya kwashe. Biyu suka saɓa. Kotun ƙolin Kanada, a irin wannan shari'a, ta bi ra'ayin da ya ba mai gyara gaskiya. Ashe tsawon igiyar mutum ya danganta ne ga tashar da jirgin ya kwana ranar da aka kama shi. Lauyoyin teku sun san haka, shi ya sa za su yi ta bin sawun jirgi wata da watanni, suna jira ya shiga ƙasar da dokarta ta fi yi musu daɗi.

Mu a Nijeriya hanyar Ingila muka bi. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take da hurumin shari'ar teku. Dokar 1991 da ta tsara wannan hurumi ta lissafa talala huɗu: ladan ceto, ɓarnar da jirgi ya yi, albashin kyaftin da ma'aikata, da kuɗin da kyaftin ya kashe wa jirgi. Dokar jiragen kasuwanci ta 2007 ta ƙara da irin su diyyar rai da kuɗin tasha. Mai ba da mai ko abinci a Apapa ko Fatakwal ba ya ciki. Abin da aka ba shi shi ne ikon ya kai ƙara a kama jirgin, ko wani jirgin na wanda ya ci bashin, amma sai in har lokacin da ya shigar da ƙarar jirgin bai bar hannun wanda ya ci bashin ba. In an riga an sayar, to ya zama kawu. Ina roƙon ɗaliban lauya da ke nan su riƙe wannan bambanci, domin a baki ƙarami ne, a aljihu kuwa shi ne duka.

Mun kuwa ɗanɗani abin ta ɗaya gefen. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, wanda yawancin jiragensa na baya suke ɗauke da sunayen kogunanmu, ya wayi gari a farkon shekarun 1990 ana kama masa jirage a tashoshin Turai saboda basussuka, har aka rufe shi a 1995. Kafin wannan, a 1975, hukumomin gwamnati sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke fiye da kimanin miliyan 1 a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, kowanne ana lissafa masa kuɗin jira kullum, shari'o'in da suka biyo baya kuwa suka kai Babban Bankin Nijeriya gaban kotunan Landan. Ma'aikacin da yake sa hannu a takardar oda a Kaduna ko Abuja ya kamata ya san cewa a teku kwana ɗaya ma kuɗi ne.

Kada kuma mu ɗauka jan igiya ba shi da ɓarna. Idan aka kama jirgi, mai shi ya ga bashin ya fi ƙarfin jirgin, sau da yawa sai ya yi watsi da shi, da mutanen da suke ciki. A ƙarshen 2013 wani tsohon jirgi mai suna Rhosus ya shiga tashar Bairut ɗauke da tan 2,750 na sinadarin da ake yin takin zamani da nakiya da shi. Aka hana shi fita saboda lalacewarsa da kuɗin da ake binsa. Mai shi ya janye jiki, waɗansu ma'aikatan suka yi watanni a ciki ba albashi. Aka sauke kayan a wani sito na tashar, aka yi ta rubuce-rubuce tsakanin ofisoshi shekara da shekaru ba wanda ya ɗauki mataki. Ranar 4 ga Agusta 2020 siton ya fashe, mutum fiye da 200 suka mutu. Ba dokar talala ce ta kashe su ba. An kama abu ne aka kasa kai shi ƙarshe. Ƙarshen da doka ta tanada shi ne gwanjo a hannun kotu, kuma gwanjon kotu kaɗai ne yake tsinke dukan igiyoyi: mai saye ya karɓi jirgi wankakke, masu bin bashi su koma kan kuɗin, kowa bisa matsayinsa, wanda rabo bai kai kansa ba ya haƙura.

Akwai wata tambaya kuma da duk wanda ya san dillanci zai gane ta nan da nan. A watan Nuwamba 2014 wani babban kamfanin Danmak mai suna OW Bunker, dillalin baƙin man jirage, ya karye. Tsarinsa shi ne mai jirgi ya yi oda a wurinsa, shi kuma ya sa wani ƙaramin kamfani na tashar ya kai man. Da ya faɗi, sai mutum biyu suka taso wa kowane jirgi: wanda ya zuba man da hannunsa ba a biya shi ba, da bankin da ya gaji takardun bashin dillalin. Igiyar ta wa ce? Kotunan ɗaukaka ƙara na Amurka suka ce ta wanda mai jirgi ya yi ciniki da shi ce, watau dillalin da bankinsa. Wanda man nasa ne ya tashi a tutar babu. Ko a Amurkar ma ke nan, da kawu ta hannun ɗan kamasho ya ba da man, da an sake yi masa dariya.

Wani zai ce duk wannan labarin nesa ne. Ba nesa ba ne. Takin da manomin rake yake zubawa a Gubuchi, waɗansu sinadaran da ake haɗa shi da su ta jirgi suke zuwa, daga Maroko da wasu ƙasashe. Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023, kwantenar ɗan kasuwar Arewa tana iya ɗaukar sunan garinsa tun daga Sin. A 2016, da kamfanin Hanjin na Koriya ta Kudu ya durƙushe, an kama waɗansu jiragensa, waɗansu kuma suka tsaya a tsakiyar teku suna tsoron shiga tasha, da kayan mutanen da ba su ci bashin kowa ba.

Saura tambayar da na san kawu zai yi mini da yana cikin wannan ɗaki: to, me zai hana a ba mota talala? Na daɗe ina goyon bayansa a zuciyata, amma yanzu na sauka daga wannan ra'ayi. Aibin talalar teku shi ne ɓoyayyiya ce. Ku dubi mutumin da ya sayi gingimarin nan. Ya biya kuɗinsa cif, ya sallami makaniken da ya gani da idonsa. Da doka ta yarda kowane mai man gas daga Makarfi zuwa Ogbomosho ya zo ya kama motar, da ba wanda zai sake sayen tsohuwar mota a ƙasar nan, talaka kuwa tsohuwa yake iya saye. Masu sayen jirage suna da lauyoyi da inshora da za su tsaya musu, mai sayen gingimari ba shi da kowa. Ita kanta yarjejeniyar 1993 ta yanke wa talala wa'adin shekara guda saboda wannan tsoro.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne igiyar da kowa zai iya gani, kuma doka ta riga ta samar da ita. A 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar kadarorin da ake iya ɗagawa, a 2017 kuma aka sa hannu a dokar da ta tsaya mata. A ƙarƙashinta ana iya ƙulla jingina a kan mota, ko injin matse rake, ko dabbobi, ko amfanin gona, abin yana hannun mai shi yana aiki da shi, a shigar da sanarwa a rajista ta intanet, mai niyyar saye kuma ya bincika kafin ya biya. Wannan ya sha bamban da talalar teku, domin sai an zauna an yarda an rubuta. Ya kuma bar wa malamanmu na fiƙihu tambayar da ya kamata su zauna a kanta, watau ko shigar da suna a rajista zai iya tsayawa a matsayin karɓa a hannu. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma ina ganin abin da ake nufi da karɓar shi ne kada sauran masu bin bashi su ruɗu, rajista kuwa wannan aikin take yi.

Sai dai yadda aka tsara rajistar, bankuna da masu ba da rance ne suka fi cin moriyarta, dokar kuma da Turanci take. Na tambayi masu sayar da mai da kayan gyara a garinmu, ban sami wanda ya taɓa jin labarinta ba. Ma'aikatan kasuwanci da na ƙungiyoyin gama kai da suke zaune a nan, wannan aiki a teburinku yake: ƙungiyar masu sayar da kayan mota ta ƙaramar hukuma guda tana iya yin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Mu kuma na sashen Hausa namu shi ne mu zuba dokar a harshen da za a karanta ta a tasha.

Wani abokin aikina ya riga ya yi mini gyara, ya ce ai ita ma talala tana da turke a ɗaya bakin igiyar. Na ce masa haka ne, turken shi ne kotun tashar da jirgin ya shiga. In akwai mai kalmar da ta fi waɗannan biyu, Shugaba zai ba da lokacin tambayoyi, ga alƙalamina a hannu.